Rage hanya, motar tasha ko bas: in za ka Kwatano da iyali kuma aljihu ba nauyi

Wani ƙanena da ya yi aure bayan babbar sallah ya zo min da wata magana, wai ya ga turawa a YouTube miji da mata kowa da jakar goyo, su tsaya bakin titi su ɗaga babban yatsa mota ta tsaya ta kwashe su kyauta, a haka su ratsa ƙasa guda ba su biya ko sisi ba. Shi ma haka yake son yi da amaryarshi daga nan Birnin Kebbi har Kwatano a ƙasar Benin, ta ga teku su sayo 'yan kaya su dawo. Ya ce tunda ni da maiɗakina mun taɓa yin wagga tahiya in gaya mai gaskiya. Na gaya mai, amma a tsaye munka yi maganar kuma hankalinshi duk yana wurin teku, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Hanyoyin uku ne, ko a rage maka hanya a babbar mota, ko ka shiga ƙaramar motar tasha, ko ka yanki tikitin bas na kamfani. Duk ukun mun ɗanɗana su a tahiya guda, ba don wayo ba, aljihu ne ya riƙa ja mana gora.

Da farko dai hanyar. Mutanenmu da ta Kamba sunka saba bi, su shiga Gaya a Nijar su haye gadar kogin Kwara sai ga su Malanbil. Tun juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 wagga gada ta shiga rikici, lokacin da munka tahi a rufe take ta ɓangaren Nijar, mutane a kwalekwale suke hayewa, ni kuwa ban ga dalilin da zan sa mace da jaka biyu cikin kwalekwale in ƙara wa kaina iyaka biyu maimakon ɗaya ba. Sai munka bi ta Bagudo, Ka'oje, Tsamiya, munka faɗa Segbana kai tsaye cikin Benin, daga nan sai Kandi. A Kandi kake hawa babban titin da ya taso daga Malanbil ya miƙe kudu, Gogunu, Bembereke, Ndali, Paraku, Cawuru, Sabe, Dasa, Bohikon, Alada, har Kwatano. Kandi zuwa Paraku ya ɗan haura kilomita 200, Paraku zuwa Kwatano ya haura 400. Akwai layin dogo tsakanin Paraku da Kwatano amma kar ka sa rai, jirgin ya daɗe da daina ɗaukar fasinja. Kuma kafin ka ɗaura jaka ka tambayi direbobin tasha wace iyaka ce a buɗe wannan satin, maganar iyakoki ta zama kamar farashin mai.

Takardu kuwa ba su san rage hanya ba, ko da mi ka hau sai an tambaye ka. Benin tana cikin ECOWAS, yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan Najeriya kwana 90 ba biza, amma fasfo ko takardar tahiya ta ECOWAS dole, naka daban nata daban, kar ka ce ai matata ce. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake cewa yalo kad, allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, don haka ba ranar tashi ake zuwa nema ba. Ni na ƙara da kwafin takardar aure, wani dattijo ya ba ni shawarar na ɗauka wasa ne, sai ga shi a wani shinge wani mai kaki ya nuna ta da baki ya tambaye ni da Faransanci wace ce wannan, a masauki ma sau ɗaya an tambaya.

To mu zo kan rage hanya tunda shi ne abin da ya ɗauke hankalin ƙanen nawa. Abu na farko, ɗaga babban yatsa ba yaren titinmu ba ne, ba a nan ba, ba a Benin ba. Ka tsaya bakin hanya ka ɗaga hannu duk motar da ta tsaya ta ɗauka fasinja ne kai, in kun isa direba zai miƙo hannu, kuma yana da gaskiya don da kuɗin irinku yake cike na mai. In ba ka yi maganar kuɗi tun kafin ka hau ba, za ka yi ta a lokacin sauka da yaren da ba ka iya ba gaban matarka. Masu ƙananan motoci na gida kuwa ba su tsayawa, kuma ban ga laifinsu ba, kai ma da ka taso tsakanin Kebbi da Zamfara ka ga mutum biyu da jakunkuna a daji suna tsaida ka nasan ƙara wuta za ka yi.

Abin da ya rage shi ne manyan motoci, tirela da masu ɗaukar auduga da masu dawowa daga tashar jirgin ruwa. A nan Bahaushe yana da sa'a don direbobi da yaran mota da yawa suna jin Hausa, wanda bai ji ba yana jin Dandanci, in ka tashi wajen Kamba ko Dole Kaina kana ɗan taɓa Dandanci ko Zabarmanci to ka zama ɗan gida a Kandi da Malanbil. Amma su ma ba a titi ake tsaida su ba, inda suke fakin ake zuwa, wurin mai shayi, a gaisa a yi hira wani ya haɗa ka da wani. Mu haka munka yi a Kandi. Mun kwana, da safe na je shan shayi na tarar da wani direba ɗan wajen Gaya zai sauka Paraku, ya ce Malam ai ba komai ku zo mu tahi, ko kuɗin goro bai nema ba. Na koma masauki ina ta murna na ce mata mun samu mota kyauta. Ta dube ni ta ce Malam kyauta kuma, Allah dai ya sa alheri.

Ya ce ƙarfe takwas. Ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ana jiran wata takarda. Hawa kan tirela da zani da hijabi aiki ne, sai da na tura ta daga ƙasa yaron mota ya kauda kai. Ciki kujera biyu ce da ɗan gadon direba a baya, sai anka ba ta gadon ta zauna a takure kanta na taɓa rufi, gefenta risho da buhun gari da wasu takalma, ni na zauna kujerar yaron mota, shi kuma yaron ya koma bayan mota cikin rana saboda mu, abin da ya tsaya min a rai har yau. Motar da lodi ba ta gudu, in ta zo hawa kamar ka sauka ka taka. Mun wuce Gogunu kaɗan taya ta fashe, anka yi wajen awa biyu ana fama da jak, ni dai na samu gindin bishiya na yi azahar na miƙe ƙafa, ita kuwa tana cikin mota ba ta sauka ba don maza ne kewaye. Sai can ta kira ni a hankali ta ce tana son kewayawa. Daji ne fili fetal, an cire auduga ba ko kara, sai da munka yi tahiya mai nisa da buta na riƙe mata zani kamar labule. A wurin na gane abin da bidiyon turawan nan bai nunawa.

Direban mutumin kirki ne wallahi, a Bembereke shi ya saya mana abinci ya hana ni biya. Amma motarshi ce, lokacinshi ne, in ya ga dama ya tsaya gaida abokinshi minti arba'in ba ka da bakin cewa mu tahi. Hanyar da ƙaramar mota ke yi awa uku zuwa huɗu mu sai bayan isha'i munka shiga Paraku, kuma ba cikin gari ya sauke mu ba, wurin fakin ɗin manyan motoci a baki-baki. Kabu-kabu biyu cikin dare, ba ciniki don sun ga baƙi da mace, masaukin da munka fara samu shi munka kama ko da ya fi ƙarfin lissafina, ga kuɗin da na cusa wa yaron mota don kunya. Da na zauna na haɗa, kuɗin motar tasha na mutum biyu da na guje ma, na kashe shi da ɗoriya, ga kwana ɗaya ya tahi.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Arewacin Benin ba kamar da ba ne, jihar Alibori inda Kandi da Segbana da Malanbil suke ita ce ke da gandun dajin W, kuma a watan Afrilun 2025 gwamnatin Benin da bakinta ta ce an kashe mata sojoji 54 a wannan yanki. Babban titi da rana mutane na bi lafiya lau, amma wanda anka rage wa hanya ba shi ke zaɓen inda dare zai same shi ba. Mu da munka san 'yan bindigar Lakurawa a namu ɓangaren ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ga shi kuma tun da anka rufe gadar Gaya motocin da ke jigilar kayan Nijar daga Kwatano sun ragu a wanga titi, wato ko rage hanyar ma ba kullum ake samu ba.

Ba na ce kwata-kwata ba shi da amfani. Namiji shi kaɗai da jaka ɗaya, wanda zai iya kwana kan tabarma ƙarƙashin mota ya yi wanka a gidan mai, rage hanya na iya kai shi Kwatano da kuɗin abinci kawai, samarinmu da yawa haka suke sauka. Mutum biyu ne matsalar. Gurbin da ke cikin tirela na mutum ɗaya ne, na biyun wani ake tayarwa.

Motar tasha ita munka shiga daga Segbana zuwa Kandi, da kuma wani guntu a dawowa. Irin namu ne sak, tsohuwar Fijo ko Toyota, ɗan kamasho na kiran gari, sai ta cika ta tashi. Lodinsu biyu a gaba huɗu a baya, kaya a but an ɗaure da igiya har ya fi motar tsawo. Kyawunta shi ne tana shiga inda bas bai zuwa, kuma kusan kowane lokaci da rana akwai ta, ba ruwanka da tikiti, kuma in kun ga gari ya yi muku kuna iya sauka ku kwana gobe ku ci gaba. Ga mai iyali dabarar ita ce wurin zama. Ko dai ku kama gaba ku biyun, ita jikin ƙofa kai kusa da giya, direba na sa lamba yana bugun gwiwarka amma dai ba namijin da ya matse ta, ko ku zauna baya ita jikin ƙofa kai ka zama katanga. In kun zo a makare an riga an kama gefe-gefe, gara ka jira ta gaba ko ka roƙi wata mace su yi musanya, galibi ba su ƙi. Wasu na sayen kujera uku su biyu don su sake, in ka yi haka kuwa ka kusa kuɗin bas ko ka wuce.

Aibinta jira. A Segbana mun zauna fiye da awa ana neman mutum ɗaya, ɗan kamasho na ta rantsuwa saura kaɗan. Sai kuɗin kaya da ba a faɗa maka sai an ɗaure jakarka, sai gudu, don direban so yake ya juyo ya sake lodi. Kuma in tahiyar mai nisa ce suna da halin sayar da fasinja, ka biya har Paraku a tsaya a wani gari a ce ku koma waccan motar. Don guntun hanya, awa biyu awa uku, ban ga abin da ya kai ta ba. Amma a ce mace ta zauna rabin kujera daga Kandi har Kwatano sama da kilomita 600, wannan ba tattali ba ne, neman faɗa ne.

Bas kuma daga Paraku munka shiga, bayan wahalar tirela ita da kanta ta ce Malam yau dai mu shiga ta mutane. Kamfanoni ne da yawa a wanga layi, irin su Baobab Express da wasunsu, kowa da tasharshi ba a babbar tasha suke ba. Ana yankar tikiti tun jiya da yamma, a rubuta sunanka daga takardarka, kowa da kujerarshi, jaka a ƙasa da lamba. Na sassafe munka bi, ya tashi kusan a kan lokaci, abin da ya ba ni mamaki, kafin la'asar muna Kwatano. Kujera biyu jere ita taga ni hanya, ta yi barcinta. An tsaya a Dasa cin abinci da kewayawa, akwai ban-ɗaki na biya, wanda bayan abin da ya faru a gonar auduga ni a wurina ya fi esi daraja. Shingaye ma ba su cika ɓata wa bas lokaci ba.

Nashi aibin, ba ya jiran kowa, in ka makara kuɗinka ya tahi. Ba ya tsayawa don sallah, tsayuwar abinci ita ce damarka, ka riƙe alwala ka yi kasaru ka haɗa. Sanyin esi da kiɗa har kai ya yi ciwo, ta ɗauki mayafi mai kauri. Akwai na dare, yana rage maka kuɗin masauki, amma ni ban ba da shawararshi a ɓangaren arewa ba. Kuɗinshi kuwa da na kwatanta da na motar tasha a doguwar hanya bambancin bai taka kara ya karya ba, abin da mutane ba su sani ba kenan, suna ganin bas mai kyau su ɗauka na masu kuɗi ne.

Ni inda na ga kuɗi na zurarewa ba a mota ba ne. Na farko canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta motsi, naira ce ke rawa, don haka duk abin da ka gani da araha a sefa ka buga shi da naira kafin ka yi murna. Ka canza kaɗan a iyaka na mota da ruwa, ka tambayi 'yan canji biyu uku kafin ka miƙa. Kuma ka koyi lissafin dala, a bakin Hausawan can dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka ɗaya sefa 1000, mai tuwo ta ce min dala ɗari na miƙa mata sefa 100 ta bi ni da kallo, ashe 500 take nufi. Ka riƙe ƙananan kuɗi, takardar 10000 a wurin mai kabu-kabu rigima ce.

Na biyu masauki, shi ne ke cin mutum biyu. A nan ne zango ke da rana. Kusan duk babban gari a hanyar akwai unguwar Hausawa, a Kwatano ma sunanta Zongo da babban masallacinta, in kana da ɗan uwa ko wanda zai haɗa ka da wani tun daga gida, ita ta shiga cikin mata kai ka kwana zaure ko shago, kwana uku a haka ya fi duk abin da rage hanya zai tara maka. Mu wurin wani kawuna munka sauka, tsarabar da munka kai mai, kilishi da 'yar shinkafar gida, ba ta kai kuɗin ɗaki na kwana ɗaya ba. In ba ku da kowa, ƙananan masaukai da suke cewa obaj sun fi otal sauƙi, ka nemi ɗaki mai fanka, ka duba makulli da ruwa kafin ka biya, kuma ka isa da rana don mai neman ɗaki da dare ba ya ciniki.

Na uku yawo cikin gari. Kabu-kabunsu na Kwatano, zemijan masu rigar ɗorawa, kowane fita biyu za ku ɗauka, kuma suna da tsauri kan hular kwano har ga fasinja. Kasuwa, wurin gwanjo, bakin teku, in ba ka tsara fitar ba sai ka ga kuɗin zem na kwana uku ya kamo kuɗin bas. Abinci kam ba matsala, dogon burodi da shayi da safe, sakwara a Paraku, wagashi soyayye wato cukun Fulani, sai dai a kudu ka tambayi naman mi ne kafin ka ci, ko ka nufi zango. Layin waya ka sayi na can, MTN ko Moov, guda ɗaya ya ishe ku, amma ka rubuta mata lambar masauki a takarda ta sa a jakarta ko da kun rabu cikin kasuwa.

Da zan sake, ga yadda zan yi kuma shi na gaya ma ƙanena. Motar tasha daga gida zuwa Tsamiya da Kandi, da sassafe. Bas daga Kandi ko Paraku zuwa Kwatano, da rana. Rage hanya sai in direban sananne ne, wanda wani naka ya haɗa ku ya san gidansu, hanyar gajera ce, kuma rana na sama, shi ma in amarya ce sabuwa ko tana da juna biyu ko da goyo to a bar shi gaba ɗaya. Ya ce to Yaya ai daɗin abin shi ne labarin da za a bayar. Na ce ya je ya tambayi yayarshi, wato maiɗakina, labarin.

Ya kuwa je. Tana tankaɗe a tsakar gida ta saurare shi har ya gama, ta ce teku kam ka kai ta ta gani, ni ma na tsaya ruwan ya taɓa min ƙafa na gudu. Amma in ka hau da 'yar mutane tirela, ka tahi da zani na biyu mai faɗi, kuma kai za ka riƙe.